Hannu a aljihu tukuna

Abu na farko da aka koya mini a aikin binciken wurin da aka aikata laifi shi ne in bar hannuwana a aljihu. Za a killace wurin, a ɗauki hotuna, a zana fasalin ɗakin, a rubuta sunan duk wanda ya shiga da lokacin fitarsa. Sai an gama wannan hannu zai taɓa wani abu, shi ma da safar hannu.

Edmond Locard, wanda ya buɗe ɗakin gwajin 'yan sanda a birnin Lyon na Faransa a 1910, shi ya koyar cewa duk wanda ya shiga wuri sai ya bar wani abu, ya kuma tafi da wani. Da mai laifi ake nufi, amma mu ma maganar ta hau kanmu. Silin gashi ɗaya, ko tari ba takunkumi, ya isa ya ɓata samfuri. A Jamus an shafe shekaru ana farautar wata mata da DNA ɗinta, wato bayanan ƙwayar halitta da ke bambanta mutum da mutum, ke bayyana a wuraren laifuka barkatai, har da kisan wata 'yar sanda a Heilbronn a 2007. Sai a 2009 aka gano daga masana'antar da ke haɗa audugar ɗaukar samfuri aka kwaso shi.

Shi ya sa nake da tsanani kan abin da wasu ke ganin ƙarami ne. Riga mai ɗanyen jini ba ta shiga leda, domin danshi yana kawo fumfuna, fumfuna kuwa tana lalata DNA. Sai ta bushe, a sa ta a jakar takarda ita kaɗai, a liƙe, a sa hannu. Duk wanda ya karɓa shi ma ya sa hannu. In aka samu giɓi a jerin sunayen nan, lauya zai gan shi, kuma yana da gaskiya.

Wuyar aikin tana wajen riƙe baki. Sinadarin luminol yana ba da haske shuɗi a duhu idan ya haɗu da jini, amma bilic, sinadarin wanki, shi ma yana sa shi haske. Jami'i zai matso ya ce, "Malam, jini ne ko ba jini ba?" Nakan ce masa mai yiwuwa ne, a jira ɗakin gwaji. Ransa yakan ɓaci. Ni kuma ina tuna cewa a 1986, da aka fara amfani da gwajin DNA na masanin kimiyya Alec Jeffreys a binciken kisa a Ingila, wanda ya fara wankewa saurayi ne da ya riga ya amsa laifin da bakinsa.