Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ajin Gindin Darbejiya

Makon jiya na tsaya a inda dattawan ikilisiya suka ɗora mini ajin yara, ni da ko ƙofar makarantar Littafi Mai Tsarki ta Tofa ban taɓa takawa ba. Abin da ban faɗa muku ba shi ne maganar Baffa a zaman. Tabarmi uku na roƙa da allo ɗaya. Baffa, wanda lokacin shi ne ma'aji, ko kai bai ɗaga ba ya ce, "Yaro man kaza ne, in ya ji rana sai ya narke. A bar kuɗin kwanon baiko inda suke." Aka yi dariya aka wuce maganar baikon kaka, wato kyautar amfanin gona da ake kawo wa ikilisiya. Buhunan taki muka farke muka shimfiɗa a gindin darbejiya.

Bari in faɗi yadda ake ajin nan, don na ga matasan yanzu sun ɗauka tara yara a sa su waƙa shi ne aikin. A ƙauyukanmu na ƙasar Karaye, da damina ɗan shekara bakwai yana da awakin da zai yanko wa ciyawa. In ka sa aji ƙarfe tara, 'yan mata masu goyon ƙanne kaɗai za ka gani. Ƙarfe bakwai ake farawa, a tashi kafin takwas. Da hunturu kuwa sai an jira hantsi. 'Yan huɗu zuwa shida gefe guda, don ba sa wuce minti goma a zaune, 'yan bakwai zuwa sha biyu gefe guda. Aya ɗaya a mako. In doguwa ce a yanka ta gaɓa-gaɓa, a biya sau uku su amsa, kamar yadda malamin allon maƙwabtanmu yake yi wa almajiransa. A wurinsa na ɗauko, ba na ɓoyewa.

Inda ake faɗuwa shi ne a tsaya a hadda. Yaro zai kawo maka aya tiryan-tiryan bai san me ya faɗa ba. Dole bayan hadda ka yi tambaya, ka kuma yi shiru ka jira. Ranar da muka yi Zabura 23, mai cewa Ubangiji makiyayina ne, na ce wane ne makiyayi. Ɗan Inna na gidan gabas, majina har baki, ya ce, "Malam, shi ne wanda ake duka in akuya ta ci gonar mutane." Na jima ban ce kome ba. Wa'azin Jumma'a Mai Kyau, ranar tunawa da gicciye Yesu, nawa na saurara, ban ji wanda ya kai wannan ba. Man kaza ke nan, in ji Baffa.

Kada a ba da alewa ladan hadda. Makon da ba ta zo ba ajin zai watse, mai nauyin harshe kuma ya daina zuwa gaba ɗaya. Kada a tilasta wa yaro addu'a a gaban jama'a, in ya kakare aka yi masa dariya sai ya shekara bai buɗe baki ba.

Labari uku ba na barin shekara ta wuce ban ba da su ba. Sama'ila, da aka kira da dare ya ruga wurin Eli, tsohon firist da yake yi wa hidima, har sau uku. Yarinyar gidan Na'aman a 2 Sarakuna 5, baiwa ce, ko sunanta ba a rubuta ba, amma da bakinta babban sarkin yaƙi ya je ya yi nutso sau bakwai a Kogin Urdun ya warke daga kuturta. Wannan yana shiga yaranmu, don kusan kowa ya san wani tsoho da ya yi jinyar kuturta a Yadakunya. Sai yaro mai gurasa biyar da kifi biyu, wanda Yohanna kaɗai ya ambace shi, a 6:9. A na Sama'ila nakan tsaya a kan Eli: tsoho ne ya gane Ubangiji ne yake kira, ya koya wa yaron amsar da zai bayar. Da gangan nake ɗaga murya a nan in Baffa yana wucewa.

Sauran aikin a gida yake. Kakanninmu da suka tsaya a kan tsafin gida ba sa zama su saurari mai bishara, amma ba mai korar jika. Jika tana tsokanar kakanta da "mijina" tana biya masa ayarta, yana zaginta da wasa, ayar na shiga. Umarnin da ake ba yaro ɗaya ne: ka biya wa wanda ka tarar. Kada a aike shi wa'azi. Wani mataimaki da aka haɗa ni da shi ya ce wa yara layun kakanninsu na Shaiɗan ne. Wani ya je ya tsinke na wuyan kakarsa. Ya sha duka, gida huɗu suka janye 'ya'yansu, sai da muka yi damina biyu muna bi da ban haƙuri.

Na tsallake shekaru da yawa, amma dole in faɗa a nan. Da yanar ido ta rufe Baffa, jikarsa 'yar shekara tara, 'yar ajina, ita take karanta masa Littafi Mai Tsarki kowace asuba. Tsohuwar fassarar 1932 yake so, ita kuma da sabuwa ta saba, tana tuntuɓe yana gyara mata da ka. Na sha tarar da su a zaure. Na gaishe shi, "Baffa, ina kwana, yaya ƙarfin jiki?" Ya amsa, ya tambayi gona, ya tambayi yara. Har ya koma ga Ubangiji bai janye maganar man kaza ba, ni kuma ban tuna masa ba, ko da yake sau biyu ta zo mini har leɓe.

Tabarmin dai Zumuntar Mata ce ta saya daga baya, da kuɗin gyaɗar gonarsu, guda biyu. Mako mai zuwa zan ba ku labarin yadda ta ukun ta zo, da rigimar da ta jawo tsakanin Inna da matar ma'aji.