Asabar a Withernsea, ni da sanyi da fankokin cikin teku

Yau babu aiki babu lakca, zaman ɗaki kuma ya ishe ni, sai kawai na hau bas daga Hull zuwa Withernsea, wani ɗan ƙaramin gari a bakin teku a nan Ingila. Maƙwabcina ne ya dame ni da zancen in je in gani da idona, shi aikinsa ke nan gyaran injinan iskan nan masu ba da wutar lantarki da suke kafawa a cikin ruwa. Sanyi kam ba a magana, riga kan riga na saka amma iskar nan sai da ta nemo ƙashina.

Daga tsayawa a gaɓa ana hango su can nesa a jere, farare, suna juyi a hankali kamar ba sa son aikin. Wannan gonar fankokin sunanta Westermost Rough, fanka 35 ce, wajen kilomita 8 daga tudu, tana iya ba da megawat 210. Kuma fa a wajensu ƙarama ce. Manyan ba a ma ganinsu sam, Hornsea One tana can kusan kilomita 120 a cikin teku da fanka 174, ƙanwarta Hornsea Two da ta gama kankama a 2022 fanka 165, su biyun in an haɗa sun haura megawat 2,500. Na tsaya ina lissafi a waya da yatsun da suka sandare, dam ɗin Kainji gaba ɗayansa megawat 760 ne, wato waɗannan biyun kaɗai sun ninka shi sau uku har da ɗoriya. Kai jama'a.

Nisa ne ke yaudarar ido. Fiffike ɗaya na Hornsea Two mita 81 ne, kuma a nan Hull ake ƙera su, a masana'antar Siemens Gamesa da ke Alexandra Dock wadda aka buɗe a 2016. In bas ya bi ta gefen tashar jirgin ruwa zaka gansu kwance a fili, tsawonsu sai ka ɗauka ba zai ƙare ba. A farkon 2017 har ɗaya suka kwantar a tsakiyar gari, mai mita 75, mutane suna wucewa ta ƙarƙashi suna hoto.

Amma ni abin da ya fi tsaya min a rai ba girman ba ne, hirar maƙwabcin nawa ce. Yace sati biyu suke yi a cikin jirgi a tsakiyar teku, sati biyu a gida, daga Grimsby suke tashi. Jirgin yana da wata gada da ke miƙewa ta kama jikin turken, ruwa na ta wasa da jirgi ita kuma tana tsaye cak, a kanta suke takawa su shiga. Daga nan sai hawa sama, a duba mai, a ɗaure noti, a duba ko gishiri ya fara cin ƙarfe, a leƙa fiffike ko ruwan sama ya zaizaye bakinsa. In teku ta yi fushi ba mai fita, a zauna a sha shayi har ta huce. In iska kuma ta wuce kima injin da kansa yake juya fukafukansa ya tsaya don kar ya karye. Yace kafawa shekara biyu uku an gama, lura da su kuwa shekara ashirin da wani abu kullum ana kai, kuma tun kafin a buga turke na farko an san wa zai biya kuɗin wannan. Ni nan ne na yi shiru.

Grimsby ɗin ma da kifi aka santa, a shekarun 1950 tana cikin manyan tashoshin kamun kifi na duniya, rigimar ruwa da Iceland da ta ƙare a 1976 ta durƙusar da sana'ar. Kakan maƙwabcin nawa masunci ne, shi kuma ga shi ya koma teku ɗaya da sifana a hannu.

Ina cikin cin kifi da dankali a wata rumfa sai ga kiran Yaya daga Katsina, na juya masa kyamara. Yace "to ai mu ma muna da namu a Lambar Rimi, ƙane, kar ka yi mana kuri." Na ce haka ne Yaya, megawat 10 ne naku. Muka yi dariya, bayansa ina jin ƙarar janareta, yace ana cajin waya ne.

Sai dai kar wani ya ɗauka nan aljanna ce. Da duk wannan iskar, kusan kashi 30 cikin ɗari na wutar ƙasar daga iska ta fito a 2024, har sun rufe tashar kwal ɗinsu ta ƙarshe a Satumbar shekarar, amma bil ɗina bai san da wannan labari ba, don farashin gas ne har yanzu ke jan kasuwar wuta. Ni da nake kunna hita ina kallon mita ina kashewa. Su kansu kamfanonin ba kullum ciniki ke faɗawa ba, a Mayun 2025 kamfanin Ørsted ya jingine aikin gina Hornsea 4 saboda tsadar kaya da kuɗin ruwa.

Na dawo gida bayan magariba, yashi cike da takalmi, hanci na zuba. Gobe da sassafe akwai aiki, kayan wanki kuma tun jiya suna cikin inji ban shanya ba.