Ranar da Auta ta cinye dodo

Juma'a, 31 ga Oktoba, Manchesta

Sai yanzu na samu zama, goma da rabi na dare. Kicin duk fulawa ne, ga wanke-wanke na jirana, amma ba zan kwanta ban rubuta abin yau ba.

Kwana tara ke nan Auta ba ta yarda mu bi ta hannun dama in mun fito daga gida. Maƙwabtanmu na gida na uku sun rataye ƙwarangwal na roba a jikin ƙofa, sun baza yanar gizo ta auduga a kan shinge, ga kabewa an fafe an yanka mata haƙora. Ranar farko da ta gani ƙanƙame ƙafata ta yi, jikinta na ɓari. Tun daga nan kusan kullum sai ta farka cikin dare tana cewa dodon ya shigo. Muna yi mata addu'a muna tofa mata, babansu ya yi ta bayani cewa roba ce kawai, amma 'yar shekara huɗu ba da bayani take gane abu ba. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Mu dai ba ma bikin Halowin. Tun zuwanmu garin nan ni da babansu muka yanke cewa yara ba za su bi gida-gida neman alewa ba, kuma muna nan a kan haka. Babban ɗanmu, Yaya Babba, ne ma ya zo mana da tarihin abin daga makaranta: tsohon bikin mutanen Ayalan da Sikotilan ne na ƙarshen kaka da shigowar hunturu, daga baya ya haɗu da jajiberin ranar waliyyai ta Kiristoci, wadda ake yi ranar 1 ga Nuwamba. A da ma ba kabewa suke fafewa ba, wani tushe ne mai tauri da suke kira tanif. Sai da yunwar dankali ta shekarun 1840 ta kori mutanen Ayalan da yawa zuwa Amurka suka tarar da kabewa, ta fi girma ta fi sauƙin fafewa. To, mu ba namu ba ne. Sai dai ƙin yin biki bai hana ƙwarangwal rataye a layinmu ba, bai kuma hana 'yata firgita ba.

Jiya da dare na tuna Inna, kakarmu, Allah ya jiƙanta. In ta zo wurin Dodo a tatsuniya sai ta kumbura murya har mu cusa kai cikin zaninta, amma ba ta taɓa barin mu kwanta Dodo na da rinjaye ba. Ko dai a yi masa wayo, ko cikinsa ya fashe mutanen da ya haɗiye su fito. Nan dabara ta zo mini: in yi wa Auta dodon da ya fi ta ƙanƙanta, wanda za ta riƙe a hannu ta gatsa.

Da yake makarantu na hutun tsakiyar zango, da safe muka ɗunguma duka zuwa Titin Wilmslow a Rusholme, inda shagunan halal suke a jere. A ƙasar nan in aka ce sosej kawai, yawanci na alade ake nufi, don haka ba na saye da ka. Ko na kaza ne sai na juya bayan leda na karanta, domin akwai wanda naman na kaza ne amma fatar da aka ɗura shi ciki ta hanjin alade ce. Na taɓa ɗauko irinsa a wani babban kanti, sai a layin biya na lura na mayar. Yau na samu na kaza mai tambarin halal, dogaye leda biyu, da ƙanana leda ɗaya.

Maza suka tafi masallaci, ni da Ummi da Auta muka shiga kicin. Kwaɓin mit-fai na yi irin na gida: fulawa kofi biyu, bota mai sanyi kamar cokali shida, gishiri kaɗan, bakin foda ƙaramin cokali, na murje da yatsu har ya yi wara-wara kamar dambu, sannan ruwan sanyi kaɗan-kaɗan har ya haɗe. Na yi gaggawar murzawa ban bari ya huta ba, sai ya dinga tsinkewa a hannun Ummi tana ta ɓata rai. Na tattara na sa a firij minti talatin. Da ya fito ya yi daidai, na murza shi fale-fale na yanka sirara kamar igiyar takalmi.

Naɗin ne ya fi ba su daɗi. Ana shanya sosej a goge danshinsa, in ba haka ba kwaɓin zamewa yake yi. A fara daga ƙasa a dinga zagayawa a karkace, wani zaren ya hau kan wani, a bar ɗan fili kusa da sama don fuska. Ummi tana yi a tsanake, harshe a waje, kowane zare sai ta daidaita shi. Auta kuwa tumbutsa wa nata ta yi har ya zama ƙato, ta ce shi ne babansu. Na lura ba ta kira shi dodo ba tukuna, "mutumina" take cewa.

Ƙananan kuma Gizo muka yi da su. Na tsaga kowane gefe gida huɗu, na bar tsakiya a haɗe, na jefa a mai mai zafi. Nan take tsagin ya buɗe ya lanƙwashe, ga ƙafa takwas cif. Auta ta yi tsalle ta ja baya, sannan ta dawo tana leƙe ta bayan zanina. Ummi ta ce to ina Ƙoƙi? Dole na ware guda na ɗora mata ɗan ganyen latas a ka a matsayin ɗankwali.

Na shafa wa naɗaɗɗun ruwan ƙwai, na sa a obin a zafi 200, minti ashirin da biyu suka yi ja. Na tsaga guda na tabbatar cikin ya yi zafi sosai, naman kaza ba a yi masa wasa. Idanu da bama na ɗiga da tsinken sakace, ɗigo biyu, na ɗora ƙwayar habbatus sauda a tsakiyar kowane. Wallahi sai ga su suna kallon mutum. Da farko kanumfari na yi niyya, na fasa, tsoron kada ya maƙale wa yaro. Akwai kuma irin da na gani ana yi kamar yankakken yatsa, da farce da jan miya a matsayin jini. Wannan kam ban yi ba, ba kuma zan yi ba. Tsoron wasa daban, ƙazanta daban, abinci kuma yana da alfarma.

Muna jera su a faranti Hajiya, kakar yaran, ta kira ta bidiyo daga Kano. Tun ranar Lahadi da aka mayar da agogo baya Kano ta riga mu da awa ɗaya, ita har ta yi la'asar ta zauna. Ummi ta kai farantin gaban waya. Hajiya ta gyara tabarau ta yi shiru, sannan ta ce, "Ke, wannan ba likkafani kika naɗa wa abinci ba?"

Gabana ya faɗi, domin gaskiya ta faɗa. Masu yin abin gawarwakin Misira na dā suke kwaikwayo, waɗanda ake naɗewa da ƙyallen lilin, irin waɗanda Yaya Babba ya gani a gidan tarihi na Manchesta da ke Titin Oxford. Ni hankalina na kan Auta, ban hango ta nan ba. Na ce, "Hajiya, wallahi ban kawo haka ba." Na kwashe labarin ƙwarangwal da farkawar dare na gaya mata.

Ta ce in ba ta kishiyarta. Auta ta matso. Hajiya ta ce, "Kishiya, wannan ai dodo ne ya sha rawani zai je fada. Ke za ki ci shi ko shi zai ci ki?" Auta ta dubi farantin ta dubi waya, ta ce, "Ni." Daga nan sunan ya zauna, Dodo mai rawani. Tire na biyu ma sai muka canza naɗin, muka tara shi a ka muka sako jela ɗaya ta kafaɗa, muka bar jikin da zare biyu kawai. Ya fi kyau, zuciyata kuma ta fi kwanciya.

Nata na tsaga gida biyu ta tsawo kafin in miƙa mata. Sosej in aka bar shi mulmulalle ko aka yanka shi kamar kwabo, daidai maƙogwaron ƙaramin yaro yake, ga santsi. Ta riƙe rabin mai idanu, ta daɗe tana kallonsa. Ta kai baki ta fasa. Yaya Babba da ya dawo ya yi ƙaramar murya ya ce, "Wayyo, kada ki cinye ni!" Sai ta gatsa kan gaba ɗaya, tana tauna tana dariya, bama a gefen baki. Na juya wajen famfo kamar ina wanke hannu, don hawaye ne suka zo mini.

Huɗu da rabi da 'yan mintuna aka yi magariba, duhu ya rufe da wuri. Yaran unguwa suka fito da shigarsu kala-kala. Al'adarsu gidan da ya kunna kabewa a ƙofa shi ake bugawa, namu kuwa babu, don haka wucewa suke yi. Muka kashe fitilar falo muna leƙensu ta labule. Ummi ta ce, "Umma, ke kin taɓa yin irin wannan?" Na ba su labarin tashe, yadda daga goma ga azumi samari ke manna gemun auduga su cusa tsumma a ciki, mu 'yan mata mu kifa ƙoƙo a ruwan ƙwarya muna kaɗawa, a ba mu gero ko 'yan kuɗi. Ba abu ɗaya ba ne, na gaya musu haka, amma ƙafar yaro mai bin gida-gida da dare na san ta. Wani yaro ya wuce da rigar ƙwarangwal, Auta ta matse hannuna, amma ba ta ɓoye fuska ba.

Babansu shida ya ci da yajin ƙuli, ya ce a ƙara yi ranar Sallah.

Wajen kwanciya ta kira ni ta raɗa mini cewa ta ajiye guda a ƙarƙashin kwano. Na je na duba, ga shi nan, an gatse rawanin, ido ɗaya ya rage. Wai gobe za mu bi ta hannun dama ta nuna wa na gidan maƙwabta abin da ta yi wa ɗan'uwansa. Na rufe shi na sa a firij. Masu gidan ba sa barin kayan su daɗe bayan biki, bara washegari suka sauke, don haka da mun karya kumallo za mu fita.