Tafiyata Kumasi da yaran mishan masu farar riga

Jama'a na dawo daga Gana lafiya, gajiya dai har yanzu bata gama sakina ba amma nace bari in rubuta tun abin yana da zafinsa. Bikin 'yar Kawuna ne ya kaini Kumasi. Shi Kawun ƙanen mahaifiyarmu ne, fataucin goro ya kaishi can tun yana saurayi, ya yi aure ya zauna, yanzu har da jikoki.

Kano zuwa Legas ba abin faɗi, zaman mota ne kawai da ciwon baya. Daga Legas ake fara ganin abu, ka tsallaka Seme ka shiga Benin, ka wuce Kwatano ka faɗa Togo, ita Lome ma manne take da bodar Aflao ta shiga Gana. A ɗaya daga cikin bodojin nan wani jami'i ya karɓi fasfo ɗina da katin rigakafin shawara, ya juya ya sake juyawa yace wai hatimin ya dushe. Nace ranka ya daɗe ga shi nan ɓaro-ɓaro har da kwanan wata. Ko kallona bai yi ba, ya jefa a durowa ya kira na bayana. Ina nan tsaye a rana har sai da direbanmu ya shiga suka yi ƙus-ƙus sannan aka wurgo min takarduna ta taga. Wai mu 'yan ECOWAS ne bamu buƙatar biza, to biza kam babu, amma aljihu yana ji a jikinsa.

A Akra na sauka a Nima wajen wani aminin Kawu, Hausa ko'ina kamar baka bar gida ba. Da safe koko da ƙosai, da rana shinkafa da wakensu da suke dafawa da karan dafi ta yi jajir, a zuba gari da taliya da wani baƙin yaji na kifi da suke cewa shito. Daɗi kam akwai, amma in ka juya kuɗin faranti ɗaya daga sidi zuwa naira sai cin ya fita ranka, nairarmu ta wulaƙanta mu a waje wallahi. Na yi Juma'a a babban masallacin Kanda wanda Turkawa suka gina aka buɗe a 2021, gini ne na gani na faɗa. Muna cikin turoturo, wato ƙananan bas ɗinsu na haya, a titin Independence na hango wani farin gini tsaf da dogon tsini, a ƙoli ga mutum-mutumi ruwan zinare yana busa ƙaho. Na tambayi na kusa dani yace haikalin 'yan Mormon ne, mabiya wani coci da ya samo asali daga Amurka, tun 2004 aka buɗe shi, kuma ba kowa ke shiga ba, ko cikin mabiyan sai mai takardar izini.

Akra zuwa Kumasi wajen kilomita 250 ne, ta Nsawam da Nkawkaw da Konongo, daji kore shar da duwatsu, na yi barcin rabinta.

Gidan Kawu yana bakin Zango wajen Asawase, kuma a bayan gidan ne wasu samari biyu 'yan mishan suke haya, su ne suka cinye min rabin tafiyar nan don kullum idona na kansu. Ɗaya Bature ne siriri ɗan shekara 19 daga jihar Aidaho ta Amurka, inda ake noman dankalin turawa, ɗayan kuma ɗan Najeriya ne daga Aba. Kullum farar riga da nakatayi da baƙin wando, ga wani ɗan baƙin allo a ƙirji ɗauke da sunan mahaifi da sunan cocinsu, kowa a unguwar Elda yake ce musu. In ruwan famfo ya ɗauke rijiyar Kawu suke zuwa da bokiti, a nan muka saba. Da nace musu ku ne 'yan Mormon, ɗan Aban yace eh haka aka sansu amma tun 2018 shugabanninsu suka ce a daina, a riƙa kiran cikakken sunan cocin, na Yesu Almasihu na tsarkakan kwanakin ƙarshe. Nace to wannan kuma sai mai dogon numfashi.

Baturen sabon zuwa ne, bai fi wata guda a Kumasi ba. Yace shi bai zaɓi Gana ba, fom ake cikawa a tura hedikwatarsu a Salt Lake City ta jihar Yuta, sai dai kawai saƙo ya zo maka an tura ka ƙasa kaza, iyaye da dangi su taru a buɗe a gabansu. Da ya sauka sai da ya yi sati uku a makarantar horar da su da ke jikin haikalin nan na Akra, wadda da a Tema take kafin a dawo da ita a 2017, sannan aka haɗa shi da ɗan Aban ya koya masa aiki. Maza shekara biyu suke yi, mata shekara ɗaya da rabi, ba hutu ba zuwa gida. Abin da ya ɗaure min kai shi ne ba a biyansu ko sisi, su ne ma suke biya. Yaron nan yace sai da ya yi aikin gona da wankin mota ya tara, iyayensa suka cika, duk wata ana zuba kuɗin a asusu ɗaya, daga nan ake basu ɗan abin cefane, waɗanda suka fito daga ƙasashe irin namu kuma su kawo abin da ya samu coci ta cike sauran. Mu ɗan bautar ƙasa shekara ɗaya yake yi, ana bashi alawi, amma ƙorafi har ya gama.

Tsarin yininsu kuwa soja sai haka. Shida da rabi sun tashi, motsa jiki, wanka, karatun littafinsu kowa shi kaɗai sannan su haɗu su yi tare, su tsara gidajen da za su je, sai su fita a ƙafa ko keke da hular kwano cikin ranar nan, in dare ya yi su dawo su rubuta wanda suka gani da wanda ya yi musu alkawari ya gudu, goma da rabi fitila a kashe. Baturen yace tashin shida da rabi bai taɓa bashi wahala ba a nan, don tun kiran assalatu na farko lasifikokin Zango sun gama tashinsa, sai ya kwanta yana kallon gidan sauro yana jiran agogo. Ba talabijin, ba waƙoƙin duniya, ba budurwa, mace sai dai gaisuwar hannu, ko ninƙaya an hana su. Kullum sai sun haɗiyi ƙwayar rigakafin zazzaɓin cizon sauro, ruwa sai an tace. Waya ɗaya ce tsakaninsu. Amma dokar da ta fi bani mamaki ita ce ta rabuwa, dole ɗaya ya kasance inda ɗan'uwansa zai ganshi ya ji muryarsa, dare da rana, banɗaki ne kawai mutum ke shiga shi kaɗai. Kuma ba kai ka zaɓe shi ba. Duk sati shida shugaban mishan ɗin zai iya ɗauke ɗaya ya kawo wani. Nace da ɗan Aban to in kun yi faɗa fa? Ya yi dariya yace ai ana yi, sai dai ku yi fushin kuna tafiya tare. Ni da na san yadda muke ƙarewa da ƙanena in mun kwana biyu a ɗaki ɗaya na san wannan ba ƙaramin horo bane.

Yaron yana shan wuya, wannan ko ba a faɗa ba ana gani. Wuyansa ya yi jawur da ƙurajen zafi, bel ɗinsa har an ƙara masa huda, cikinsa bai gama yarda da abincin ba. Fufu aka ce masa haɗiyewa ake yi ba a taunawa, shi kuma maƙogwaronsa ya ƙi. In ya fito yara su bishi suna oburoni oburoni, wato Bature, da farko yana ɗaga musu hannu, daga baya gajiya ta sa ya daina. Tonancinsa, wato yaren Tonawa mutanen Kumasi, bai wuce gaisuwa ba, ga Turancinsa mutane basa ganewa sai ɗan Aban ya maimaita da irin namu. Wata Litinin na leƙa na same shi a tsugunne gaban baho yana wankin fararen rigunan nan da hannu, yatsunsa duk sun saɓule, yace a gidansu inji ne ke yi. Hajiya matar Kawu ta kasa haƙuri ta turo jikarta ta nuna masa yadda ake cuɗa wuyan riga.

Ita Hajiya dama tausayinsa take ji sosai, ɗan mutane take ce masa. Ranar walima ta sa aka kira su, Kawu ya shimfiɗa musu tabarma a zaure yace ku zauna 'ya'yana, gidan nan gidanku ne. Aka kawo shayi mai kauri sai suka ce a yi haƙuri basa sha. Hajiya daga bayan labule tace wace irin cuta ce haka? Ɗan Aban ya yi bayani cewa addininsu ya hana giya da taba da kofi da shayi. Kawu yace giya da taba mun ji mun yarda, amma shayi laifin me ya yi? Ƙarshe Milo aka haɗa musu. Da aka miƙo faranti Baturen ya sa hannun hagu zai karɓa, abokinsa ya make hannun da sauri, don a Gana wannan babban rashin ladabi ne, in dole ta sa ka miƙa abu da hagu sai ka bada haƙuri. Tuwo da miyar ayoyo dai ya ci ya ƙara, yace ya fi masa fufu sauƙi, Hajiya kuwa ta ji daɗi kamar an mata kyautar kujerar Makka.

Maganar addini an taɓa ta, ba za a ce ba a taɓa ba. Kawu tun farko yace ku da naku mu da namu, suka ce sun yarda, kuma gaskiya ban ga sun matsa wa kowa a Zango ba, can cikin unguwannin Tonawa suke yawonsu. Ni dai na yi tambayoyina. Suka ce wani Joseph Smith ne ya kafa cocin a jihar New York a 1830, suna ɗaukarsa annabi, suna da littafinsu ƙari a kan Baibul har an fassara shi da Tonanci. Nace a nan kam mun rabu. Suna bada kashi ɗaya cikin goma na samunsu, suna azumi Lahadin farkon kowane wata su bada kuɗin abincin ga mabuƙata, Kawu yace yini ɗaya a wata ai wannan ɗanɗano ne. Sai Kawu ya tuna musu abin da ya gani da idonsa, yace a 1989 gwamnatin Rawlings ta rufe cocinsu tare da na Shaidun Jehobah, aka sallami Turawan mishan, 'yan sanda suka garƙame ƙofofi, sai ƙarshen 1990 aka buɗe na 'yan Mormon ɗin. Baturen ya san labarin, yace a gidaje mabiyan suka riƙa ibada a lokacin. Ni kuma na juya kan ɗan Aban nace gaskiya ne kafin 1978 baƙar fata baya zama limami a cocinku? Ya ɗan yi shiru yace gaskiya ne, kuma a shekarar da aka ɗage dokar ne 'yan mishan suka iso Najeriya da Gana, suka tarar mutane a Cape Coast da ƙasar Ibo sun daɗe da kafa nasu taron suna ta aika wasiƙu Amurka suna jira. Bai ɓoye ba bai kuma yi kwana-kwana ba, amsar dai bata gamsar dani ba.

Litinin ita ce ranar hutunsu, wanki, shara, cefane, aski, sannan kiran gida. Wai kafin 2019 sau biyu kawai ake kira a shekara, ranar Kirsimeti da ranar iyaye mata, sauran sai wasiƙa. Na bisu kasuwar Kejetia don nima ina da sayayya, kasuwa ce da in ka saki hannun ɗanka sai dai a yi cigiya. Baturen yana son nakatayi na kente, saƙin gargajiyar Gana, mai kayan tana ganin farar fata tace miliyan ɗaya, yaro ya zaro ido zai gudu. Ashe tun 2007 aka cire sifili huɗu daga sidi amma 'yan kasuwa har yau da tsohon lissafi suke kira, miliyan ɗayan nan sidi 100 ce. Duk da haka ta tsuga masa. Nace ya matsa gefe, na taya da kashi ɗaya cikin uku, ta rantse ta kama kai, muka yi kamar za mu tafi ta kira mu, a ƙasa da rabi muka rabu. 'Yan kasuwar Kumasi basa zagi in ka taya da arha, wannan na yaba musu, ba kamar wasu namu a Kwari ba da za su tambaye ka ko sato kayan aka yi. Amma atamfa ta fi tsada a can, ban ga dalilin da zai sa mutum ya ɗauko ta ba.

Biki ya yi kyau, an kai amarya Aboabo. Na leƙa gidan tarihi na fadar Manhyia, na je Bonwire inda ake saƙar kente, kallo na yi ban saya ba. Kafin in taho aka yi musu canji, aka ɗauke ɗan Aban zuwa wani gari aka kawo wani ɗan Kwango.

Dawowa ta hanyar da na bi ne, Aflao, Lome, Kwatano, Seme, motarmu ta lalace a Badagiri muka kwana a tasha. Huhun goron da Kawu ya bani in kawo wa Inna ya iso lafiya, kuɗin dakonsa daga Legas zuwa Kano ya kusa kamo kuɗin kujerata.