Kafin ka biya kuɗin tabulet, gwada yatsanka da gumi

Ƙanina, idan ka shiga Computer Village a Ikeja neman tabulet, da wuya mai shago bai nuna maka wannan ba: ya dangwala yatsa, fuskar ta haska nan take, ya ce ka ga sauri. Kada wannan ya sa ka ƙara kuɗi. Tsakanin tabulet mai saurin buɗewa da mai ɗan jinkiri, bambancin bai kai sakan ɗaya ba, kuma tabulet ba waya ba ce da ake ciro ta daga aljihu kowane lokaci. Akan buɗe ta ne a zauna a kanta, ko karatu, ko lissafin shago, ko kallo. Abin da ya kamata ya dame ka shi ne ko za ta gane yatsanka a taɓawar farko, da irin hannun da kake yawo da shi a Legas.

Na'urar karanta zanen yatsa a tabulet yawanci iri biyu ce. Akwai wadda ke kan maɓalli, tana gane zanen ta hanyar ƙaramar wutar lantarki tsakanin fata da maɓallin. Ita ce a iPad na 9 na shekarar 2021, a maɓallin ƙasa, da iPad Air na 2020 da iPad na 10 na 2022, a maɓallin sama, haka ma Galaxy Tab S9 FE a maɓallin kunnawa. Akwai kuma wadda ke ƙarƙashin gilashin fuska, irin ta Galaxy Tab S9, wadda ke haska yatsa ta ɗauki hotonsa. Ta maɓalli ba ta shiri da ruwa, domin danshi kan cike ramukan zanen ya rikita ta. Ta ƙarƙashin gilashi kuwa maiƙo da ƙura da gilashin kariya mai kauri su ne abokan gabarta, kuma fata mai tsananin bushewa ma takan ba ta wahala.

To duba yanayin garin nan. Iska da laima kusan duk shekara, gumi ba ya barin tafin hannu, damina ga ruwa. Mai sayar da tumatur da tattasai a Mile 12 hannunsa a jiƙe yake yini, mahauci a Oko-Oba da kitse yake aiki, mai wanki ko mai ɗaukar siminti kuwa zanen yatsansa kan soma gogewa. Ga alwala sau biyar, wadda ke barin yatsa da danshi na ɗan lokaci. A hannu irin wannan, na'urar da aka yi ta yabon saurinta za ta ƙi ka sau biyu ko uku, kuma idan ta ƙi sau biyar a jere za ta nemi lambar sirri. Nan ne lokaci ke tafiya, nan ne rai ke ɓaci, musamman mai saye na tsaye a gabanka kana son duba ko kuɗinsa ya shigo.

Saboda haka gwajin da za ka yi a shago naka ne. Ka nemi a bar ka ka yi rajistar yatsanka da kanka, kana riƙe da tabulet ɗin yadda za ka riƙa riƙe ta a gida. Ka kulle ka buɗe sau goma da busasshen hannu, kana ƙirga sau nawa ta ƙi. Sannan ka shafa yatsan a goshinka ya ɗan ji gumi, ka sake goma. Ka juya ta a kwance ka gwada, domin maɓallin da ke sama idan tana tsaye yakan koma gefe, kuma wani lokaci hannun da ka yi wa rajista ba ya kaiwa. Maganin wannan shi ne ka sa babban yatsa da manuni na hannu biyu. iPad na karɓar yatsu biyar. Idan an liƙa gilashin kariya bayan ka saya, goge tsohuwar rajistar ka sake sabuwa, musamman a mai karantawa ta ƙarƙashin fuska.

A tokumbo, wato kayan hannu, ne aka fi cin matasa, kuma abin na damuna ƙwarai. A iPad, maɓallin karanta yatsa, wato Touch ID, an haɗa shi da fanel ɗin cikinta tun daga kamfani. Idan mai gyara ya canza shi da wani, maɓallin zai danna amma ba zai ƙara karanta yatsa ba. Duk mai shagon da ya ce maka "sai ka je gida ka saita" ko "bayan sabuntawa zai yi", ka ajiye masa kayansa. Rajistar yatsa ba ta wuce minti biyu, babu dalilin da zai hana a yi ta a gabanka. Kuma na'urar karanta yatsa da ta mutu na iya zama alamar cewa an buɗe cikin tabulet ɗin, don haka ka tambayi me kuma aka canza. Ka sa a goge ta gaba ɗaya a sake kunnawa kana kallo, ka tabbata ba ta neman iCloud ko asusun Google na tsohon mai ita.

Yawancin masu araha, kamar Galaxy Tab A9 da Tab S6 Lite, ba su da wurin yatsa ma sam. Buɗewa da fuska da suke da shi kyamarar gaba kawai yake amfani da ita, bai kai yatsa tsaro ba, ba ya aiki sosai a duhu idan an ɗauke wuta, kuma manhajojin banki da yawa ba sa karɓarsa. Ya bambanta da Face ID, tsarin gane fuska na Apple da ke iPad Pro tun 2018. Idan tabulet ɗin ta karatun yara ce ko ta gida da kowa ke taɓawa, rashin yatsa ba aibi ba ne, lambar sirri mai lamba shida ta wadatar. Idan kuwa a kanta za ka riƙa tura kuɗi a cikin kasuwa, yatsa na da amfani babba, domin wanda ke leƙe ta bayanka ba zai ga lambarka ba.

Kuɗin da za ka ƙara don sauri, kai shi inda za ka ji shi kullum. RAM, wato ƙwaƙwalwar da tabulet ke aiki da ita, kada ya gaza gig 4, idan da hali 6 ko 8. Ma'ajiya gig 128 ta fi kwanciyar hankali a kan 64. Duba ko tana cin layin waya, domin da yawa Wi-Fi kaɗai gare su, kuma mutane kan gano haka ne bayan sun isa Agege. Ka bar ta tana kunna bidiyo minti goma ka ga nawa batir ya sauka, ka taɓa bayanta ka ji ko ta yi zafi. Sau da yawa jinkirin da ake ɗora wa yatsa daga ƙaramin RAM yake, yatsan ya karantu amma fuskar na fama ta farka.

Ko da wacce ka saya, haddace lambar sirrinka. Duk lokacin da tabulet ta mutu aka sake kunna ta, lambar za ta fara nema kafin ta karɓi yatsa, kuma idan ka manta ta, hanyar da ta rage yawanci ita ce a goge komai da ke ciki.