Kifin da Ya Kasa Nutsewa

Kifin farko da na ciro daga zurfin teku a gaɓar Newport, jihar Oregon ta Amurka, ya tayar mini da hankali. Ja ne jawur mai rawayan ido, cikin dangin rokfish, wato kifayen da ke zama a duwatsun ƙasan teku, irin wanda doka ta hana a tafi da shi gida. Idanunsa sun firfito, ga wani abu kamar balan-balan ya toshe masa baki. Ni da na saba da tarwada mai taurin rai, sai na zare ƙugiya na cilla shi ruwa. Ya ƙi nutsewa. Yana ta shawagi a rigingine, tsuntsaye har sun fara kewaya shi, mai jirgin ya yi wuf ya kamfato shi da koma.

Shi ya yi mini bayani. Kifin nan yana da jakar iska a ciki, kuma idan aka fizgo shi daga zurfin mita 30, iskar kan kumbura kusan ninki huɗu, ta turo tumbinsa waje ta baki. Ashe tumbi ne abin da na gani. Wasu kan huda shi wai don iska ta fita, alhali raunata kifin kawai suke yi. Maganin shi ne a mayar da shi zurfi, nauyin ruwa ya matse iskar.

Ya ɗauko ƙugiya marar ƙaya da aka kifa, da dalma mai nauyi, ya saƙala a leɓen kifin na ƙasa, muka zura igiya. Da ta yi nisa ya fizga sau ɗaya, na ji nauyin ya ragu a hannuna, kifin ya kuɓuce. Tun 2017 Oregon ta wajabta ajiye irin wannan na'ura a jirgin masu kamun kifin ƙasan teku.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shekarunsa ne. Mai rawayan ido yana iya haura shekara 100, macen kuma takan kai wajen shekara 20 kafin ta fara haihuwa. Wataƙila wanda na cilla ɗin ya girmi mahaifina.

Yanzu sai na ɗaura na'urar a sanda ta dabam kafin in jefa fatsa, don kada kifin ya daɗe a sama ina neman kaya. Na taɓa sa dalma marar nauyi ga wani babba, ya sake tasowa, dole na ƙara. In kuma irinsa biyu suka ci fatsata a jere, nakan roƙi mai jirgi mu bar wurin.