Ƙasurgumi Daban, Shahararre Daban

Karon farko da na zana JAMB, jarrabawar neman shiga jami'a, Turanci ne ya kayar da ni, kuma ba don ban san kalmomi ba. Ina da wani littafin rubutu da na cika da kalmomin Turanci, kowace da ma'anarta ta Hausa a gefe, ina bitarsu bayan sallar asuba kamar mai tilawa. Duk da haka makina bai kai na kwas ɗin da nake nema a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ba. Haka na zauna gida shekara guda.

Da shekara ta zagayo, yayana da ke koyarwa a wata sakandare a nan Katsina ya ce in riƙa kawo masa tsofaffin tambayoyi bayan isha'i. Wani dare muna zaune a tsakar gida, ba wuta, yana haska min takarda da fitilar waya, muka iso wata jimla da ke cewa an kama wani ɗan fashi, an bar gurbin sifarsa. Zaɓi huɗu ne: famous, popular, notorious, renowned. Nan take na ce famous. A littafina, "sananne" na rubuta a gaban uku daga cikinsu, to ina bambancin?

Yaya bai ce na yi kuskure ba. Sai ya ce, "Ƙanwata, malamin da ya yi suna a karatu, me za ki kira shi?" Na ce shahararre. "To ɓarawon da ya addabi unguwa fa?" Kafin ya rufe baki na ce ƙasurgumi. Ya ɗora yatsa a kan notorious, ya yi shiru.

Wallahi sai na ji kamar an yaye min labule. Ashe abin da ake tambayata na san shi tun ina goye. Ka ce amarya siririya ce, yabo ka yi. Ka ce ramammiya ce, sai a fara tambayar ko lafiya. Haka slim da skinny suke. Hasumiyar Gobarau daɗaɗɗiya ce, amma wa zai kalli kakarsa ya kira ta daɗaɗɗiya? Tsohuwa ce, dattijuwa ce, kamar yadda Bature ke ba gini ancient, ya ba mutum elderly. Kuma akwai kalmomin da suka saba tafiya tare, ba mai raba su. Muna cewa fari fat, baƙi ƙirin, ja wur. Ba Bahaushen da zai ce baƙi fat, ko da bai taɓa jin sunan amsa-kama a aji ba. To Turawa ma ruwan samansu heavy ne, iskarsu strong, in ka musanya su kunnen mai harshen zai ƙi. Abin da ya cuce ni shi ne fassarar kalma ɗaya da kalma ɗaya. Ita ce ta baje min bambancin da masu tambaya suka ɓoye amsa a cikinsa.

Daga ranar na canja salo. In na zo irin wannan tambaya, sai in rufe zaɓin da tafin hannu, in karanta jimlar har ƙarshe, in tambayi kaina: wa ake sifantawa, mutum ko abu? Yabo ne ko suka? Sau da yawa amsar tana laɓe a wutsiyar jimlar, bayan wani but ko although da mai gaggawa ba ya kaiwa.

Lokaci kam ba ya jira. Tambayoyi 180 ne cikin awa 2, 60 daga ciki na Turanci, wato kusan daƙiƙa 40 kowace tambaya. Shi ya sa dole kunne ya saba tun a gida, don a gaban kwamfuta ba wurin dogon nazari.

Ranar jarrabawa na haɗu da wata jimla a kan matar da ke tattalin kuɗin cefane, ga economic ga economical suna kallona. Na farkon na tattalin arzikin ƙasa ne, na biyun na mai tsimi. Na tuna Innarmu tana auna gero da tiya, tana share bakin da gefen hannu, na danna na biyun.

Tsohon littafin yana hannun ƙanena yanzu, amma na soke ma'anonin da ke gefe. Kowace kalma sai ya rubuta mata jimla cikakkiya, ya karanta min da ƙarfi, sannan mu wuce ta gaba.